Ciwon Gefen Gwiwa: A Daina Kai Shi Ga Wanzami

Duk wanda ya zauna a Agege ko Mile 12 ko Sabon Ibadan ya san wannan kuka. Ɗan garuwa ko mai tallar yawo ya fito da safe garau, ya yi tafiyar rabin sa'a, sai gefen gwiwarsa na waje ya ɗauki zafi kamar an soka masa tsinke. In ya zauna ya lafa, in ya kama gangara ko saukowa daga bene ya dawo. Nan take 'yan zaure su yanke hukunci, wai sanyin Kudu ne, a kira wanzami.

Jama'a, ni ban yarda da wannan hukunci ba. Sau da yawa ciwon nan ba a cikin gaɓa yake ba. Akwai wata jijiya mai faɗi, mai tauri kamar ɗamara, wadda ta taso daga ƙashin ƙugu, ta bi gefen cinya, ta kama kan ƙwauri. Duk lanƙwasa ƙafa da miƙe ta, jijiyar nan takan danne naman da ke kan tudun ƙashin gwiwa. A yi haka sau dubbai kullum, dole wurin ya yi tsami. Wani likitan Amurka, Renne, ya bayyana ciwon a 1975, a jikin kuratan soja masu fama da gudu. To, wanda ke tura kura cike da jarkoki a tuddan Ibadan, ai bai gaza kurtu wahala ba.

Gane shi ba ya bukatar kuɗi masu yawa, domin hoton ƙashi ma ba ya nuna shi. Likita zai kwantar da kai, ya danna ɗan sama da gaɓar ta waje, ya riƙa miƙe ƙafar a hankali. In zafin ya tashi kafin ta gama miƙewa, ya sami alama. Amma gwiwar da ta kumbura, ko take maƙalewa, ko ta zo da zazzaɓi, wannan wata magana ce daban, a nufi asibiti ba jinkiri.

Maganinsa fa? A rage tafiyar da ke tayar da shi, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma kamar minti 15, a sha maganin kumburi na 'yan kwanaki bisa shawarar likita. Sannan a ƙarfafa naman ƙugu: ka kwanta a kan gefen mai lafiya, ka ɗaga ƙafar mai ciwo a miƙe, ka sauke, safe da yamma. A 2000 likitoci a Jami'ar Stanford sun gwada irin wannan motsi a kan masu gudu 24, cikin mako 6 mutum 22 suka koma gudu ba ciwo. Tsaga da ƙaho ba sa kaiwa ga jijiyar, sai dai su bar miki. Ƙwayoyin da ake saya a bakin tasha kuwa rufe bakin ciwon suke yi, mutum ya ci gaba da aiki, wasunsu su bar shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda.

Na san amsar da za a ba ni: in na huta, wa zai aika wa iyali cefane? Gaskiya ne, kuma nan ne nake kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan garuwa. Yaron da gwiwa ta kama, a ba shi tsaron famfo ko karɓar kuɗi na mako 6, wani ya riƙe masa kurarsa.