Likitan da ba ya iya cewa "na yi kuskure"

1/ Bara damuwa ta kai ni wurin likitar da ke magani ta hanyar zantawa. A zama na huɗu ta tambaye ni ya jikin Baba. Baban da na yi zama biyu ina kuka a gabanta kan rasuwarsa fa. Na kasa magana. Sai ta ce shirun nan alama ce ta ina guje wa magani. Ban sake komawa ba. Zare 👇

2/ Mantuwar ba ta dame ni ba, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Abin da ya ƙona min rai, laifinta ta ɗora min.

3/ Kuma halin nan ya daɗe a sana'ar. A 1895 Freud ya tura Emma Eckstein wurin abokinsa Fliess ya yi mata aikin hanci. Fliess ya manta bandeji kusan rabin mita a ciki, ta kusa mutuwa. Daga baya Freud ya ce jinin da take zubarwa na son a kula da ita ne. Haba!

4/ A wani bincike na 2005 a Amurka, an ce likitoci su faɗi wa zai taɓarɓare cikin marasa lafiya 550. Suka ce 3. Waɗanda suka taɓarɓare 40 ne. Wato likita ma bai cika ganin ɓarnarsa ba sai ya tambaya.

5/ Za ku ce ba da haƙuri zai zubar masa da girma. Jeremy Safran da Christopher Muran sun yi shekaru suna nazarin saɓani tsakanin likita da mara lafiya. An gano idan aka fito da saɓanin fili aka gyara, maganin ya fi ci.

6/ A Arewa kafin mutum ya je wurin nan, sai ya tsallake "aljanu ne" da "rashin tawakkali ne". In aka ji masa ciwo a can kuma aka ce shi ne matsalar, wallahi ba zai koma ba, kuma zai hana wasu goma zuwa.

7/ Likitoci, ku riƙa tambaya: "Akwai abin da na faɗa da bai yi maka daɗi ba?" Mu kuma in an ɓata mana, mu faɗa. Ni ban faɗa ba, na yi nadama. In kun faɗa aka ƙi ji, ku canza likita, kar ku bar maganin.