Fenti ba ya gyara tsagar bango: A duba gida kafin a kai shi kasuwa

Abin da masu sayar da gida suka saba yi a Kano da Kaduna da sauran biranenmu sananne ne. A kira mai fenti ya shafe bango, a canja silin ɗin da ruwa ya ɓata, sai a miƙa wa dillali. Idan aka yi sa'a cinikin ya faɗo a rani, babu wanda zai san kwanon na yoyo sai ruwan Agusta ya sauka a kan katifar sabon mai gida.

Daga nan rigima ke farawa: a je wajen mai unguwa, a wuce kotu. Kuma mai sayarwa ba shi da hujja mai ƙarfi, domin a fiƙihun Malikiyya wanda ya sayi abu ya tarar da babban aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Sau da yawa kuɗin kuwa an riga an raba wa magada, ko an zuba su a wani ginin.

Shi ya sa ya fi wa mai gida alheri ya fara kiran injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN tun kafin dillali ya ji labari. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririyar da ta tsaya a filasta aikin birkila ce na yini guda. Amma wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana ƙara buɗewa, tana iya nuna cewa harsashin ginin na zaunawa, kuma siminti cokali biyu ba zai tsayar da ita ba. Danshin da ke hawowa daga ƙasan bango yana kumbura fenti shi ma yana da tushe, galibi kwatar da ta toshe ko sokawen da aka haƙa dab da gini. Sai a leƙa cikin silin, inda gara ke cinye katakon rufi a ɓoye, a kuma gwada wayoyin wuta.

Takardu ma a duba su. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta samun amincewar gwamna kafin a sauya mallakar filin da ke da C of O, don haka a tabbatar da fayil a KANGIS ko KADGIS, a biya harajin ƙasa da bashin lantarki. Gidan gado kuwa, kowane magaji ya sa hannu.

Masu cewa gyara zai cinye riba suna da gaskiya ta wani ɓangare, ganin tsadar siminti da rodi. Ba dole ba ne a gyara komai. Wanda ba shi da hali ya nuna wa mai saye rahoton injiniya, a rage kuɗin gyaran daga farashi, a rubuta hakan cikin yarjejeniya a gaban shaidu.