Kare a cikin mota da rana tsaka

A ɗauka watan Afrilu ne, ranar Litinin, kasuwar Maradi ta cika. Wani mai mota ya taso daga gona tare da karensa. Ya nemi inuwa bai samu ba, sai ya tsaya a fili. Ya ɗaga gilasai duka don kada ɓarawo ya sa hannu, ya kulle ƙofa. Ya ce gishiri kawai zai saya, minti biyar ya dawo. Amma wa ya taɓa yin minti biyar a kasuwar Maradi? Ya gamu da aboki, aka gaisa, aka tambayi gida da yara, aka shiga ciniki. Kare kuwa yana can a kulle.

Wannan mutum ba mugu ba ne. Yana son karensa, shi ya sa ma ya ɗauko shi. Abin da bai sani ba shi ne, mota rufaffiya a rana tanderu ce.

Ga yadda abin yake. Hasken rana yana ratsa gilashi ya shiga ciki. Kujeru da ƙarfe da baƙar robar gaban direba su sha zafi, su kuma su gasa iskar da ke ciki. Iskar nan ba ta da hanyar fita. A shekarar 2005 wasu masu bincike a Amurka sun wallafa sakamakon auna zafin mota a rana. Sun tarar cikin awa ɗaya zafin ciki yana ƙaruwa da wajen digiri 22, kuma mafi yawansa cikin rabin awar farko yake hawa. Sun gwada sauke gilashi kaɗan, suka ga bai rage wani abin kirki ba.

To, ɗan makaranta ya ɗauki allo ya yi lissafi. A Yamai ko Tawa, zafin bazara yakan wuce digiri 40 a inuwa. A ƙara 22 a kai. Amsar ta haura 60.

Mutum in ya ji zafi sai ya yi zufa, iska ta busar da ita, jiki ya yi sanyi. Kare ba haka yake ba. Ƴar zufar da yake yi a tafin ƙafa take, ba ta isa kome ba. Da haki yake sanyaya jikinsa. Shi ya sa ake ganinsa kwance da harshe waje, yana numfashi da sauri. A cikin mota kuwa, iskar da yake shaƙa ta fi jikinsa zafi. Ya yi ta haki, amma a banza.

Zafin jikin kare lafiyayye digiri 38 ne zuwa 39. In ya wuce 41, rai yana cikin haɗari. Yawu ya yi ta zuba, harshe ya yi ja wur, ya yi amai, ya tashi yana tangaɗi, ya faɗi. Ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta su lalace. Wani ma a fitar da shi da rai, bayan kwana ɗaya ko biyu ya mutu.

Wasu za su ce karnukan ƙasar nan sun saba da zafi. Za su kawo misalin dogon karen Azawak, wanda yake bin makiyaya a arewacin Tawa. Gaskiya ne yana da jimiri. Amma a lura da shi da azahar. Gindin itace yake nema, ya tone ƙasa har ya iske mai sanyi, ya kwanta. Karen gida ma gindin randa yake laɓewa. Dabara ce take cetonsu. A cikin mota ba ƙasar tonawa, ba randa, ba ƙofar da zai iya buɗewa.

Wasu kuma za su ce ai kare ne kawai. Wannan magana ba ta da daɗin ji. Shi ne yake kwana ido biyu yana gadin gida da garke, kuma ba shi ya sa kansa a motar ba. Wanda ya kulle ƙofa, a wuyansa alhakin yake. Bayan haka, hannun da ya saba kulle kare yakan kulle kaji da ragon layya a bayan mota. Wata rana kuma jariri ne mai barci za a bari, a ce kada a tashe shi. Jikin ƙaramin yaro kuwa ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

Saboda haka, wanda zai tsaya a hanya ya bar karensa a gida, a inuwa, da ruwa a kasko. In dole ne a tafi da shi, a sauko da shi duk inda aka sauka.

Yaron da ya ga dabba a kulle tana haki, kada ya tsaya kallo, kada kuma ya taɓa motar mutane. Ya ruga ya gaya wa babba, a yi cigiyar mai motar da ƙarfi. In an buɗe, a kai karen inuwa. A zuba masa ruwan randa a wuya da ciki da ƙafafu, a yi masa fifita. In yana iya sha, a ba shi kaɗan-kaɗan, kada a ɗura masa. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, don buhun yana riƙe zafi. Babba ne zai riƙe shi, domin kare mai jin wuya yakan yi cizo. Ko ya miƙe yana kaɗa wutsiya, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.