Motar Kara da Motar Kwali: Wa Zai Adana Surar Fijo?

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wata sana'a wadda ta daɗe tana ci, watau ƙera 'yan ƙananan motoci na roba waɗanda akan sayar a cikin kwali gunduwa-gunduwa. Wanda ya saya shi ne zai zauna ya ciccire sassan, ya manna su da gam, ya shafa fenti, har mota ta tashi da fitilunta da kujerunta da injinta. Tun da yake Hausa ba ta raɗa wa abin suna ba tukuna, ana iya kiransa motar haɗa-da-kanka. Akan yi ta ne bisa ma'auni tsayayye, wanda ya fi yawa kuwa shi ne 1:24, ma'ana kowane inci ɗaya a jikin 'yar motar yana madadin inci 24 a jikin uwar. Ke nan mota mai tsawon mita 4.5, kamar Peugeot 504, sai ta dawo wajen santimita 19, kimanin taƙi guda. Kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a sun haɗa da Airfix na Ingila, wanda ya soma da taraktar Ferguson a 1949, da Revell na Amurka, da Heller na Faransa, da Tamiya na Japan.

Duk wanda ya bi jerin kayan waɗannan kamfanoni zai tarar da Ferrari da Porsche da Ford Mustang iri-iri, har su gundure shi. Zai kuma sami Volkswagen ƙirar kunkuru da Land Rover, domin Turawa ma sun hau su, suna kuma begensu. Amma idan ya nemi motocin da suka raini Samaru da Sabon Gari, sai ya sha wuya. Da ƙyar ne zai ci karo da 504 doguwa, wadda ta yi shekara da shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Zariya da Funtuwa da Kano. Haka nan 404 a-kori-kura, mai kai buhunan masara kasuwa. Balle a yi maganar Mercedes 911 mai bodin katako, ko Steyr da aka harhaɗa a Bauchi, ko Fiat ta Kano. Gaskiya ne wasu kamfanonin Faransa, irin su Norev da Solido, sun yi 504 ta ƙarfe, to amma a haɗe take zuwa, kuma da kamannin da aka san ta a titunan Turai.

Abin da ya fi ban takaici shi ne, ba a ce sunan Peugeot ba ya cikin jerin ba. Tamiya ta yi samfurin 405 wadda ta ci tseren Paris zuwa Dakar na 1990, tseren da ya ratsa ta ƙasar Nijar. Watau motar da ta keta hamada cikin 'yan kwanaki ta wuce, an adana surarta, alhali kuwa wadda ta zauna ta tsufa a ƙasar Hausa ba ta sami mai tuna ta ba. Ita kuwa 504 ba ƙaramar mota ba ce ko a idon Turawa. Ta fito a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekara ce masana'antar Peugeot ta Kakuri, Kaduna, ta fara harhaɗa motoci. Gwamnatin soja ta 1976 zuwa 1979 ta mai da 504 motar manyan ma'aikata, Kaduna kuma ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barin ta.

To, me ya jawo wannan rashi? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin a fitar da samfuri ɗaya, sai an sassaƙa mazubi na ƙarfe wanda za a riƙa ɗura narkakkiyar roba a ciki, aikin da yake cin kuɗi masu yawa tun ba a sayar da kwali ko ɗaya ba. Bayan wannan, sai an biya kamfanin da ya mallaki motar kuɗin izinin amfani da sunansa da surar motarsa. Saboda haka ɗan kasuwa ba ya taɓa mota sai ya tabbata akwai dubban masu saye. Masu sayen nan kuwa galibinsu magidanta ne na Japan da Turai da Amurka, waɗanda ke neman motar da suka yi sha'awa lokacin ƙuruciyarsu. Zargin waɗannan kamfanoni da wariya ɓata lokaci ne, gama kowa kasuwarsa yake ci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba a sa ran baƙo ya zo daga Japan ya yi masa yaɓe.

Sai dai kuma ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa masu ƙera ƙananan motoci ba. Da zarar kaka ta yi, an yanke dawa, sai yara su bazama neman kara. Su fere ɓawon, su yayyanka totuwa, su soke wannan cikin wancan, har motar kara ta miƙe a kan ƙafafun sakaina. Yaran gari, waɗanda suka fi kusa da bola da garejin makanikai, su kuma sai su yi ta waya ko ta langa-langa ko ta gwangwanin madara, da tayoyin marfin kwalba ko na tsohon silifa, da dogon sitiyari wanda mai ita zai riƙe yana tafe a tsaye. Abin lura a nan shi ne, yaron ba ya ƙera motar da bai taɓa gani ba. Gingimarin da ta wuce ta bakin kasuwar Samaru ita yake kwaikwaya, da tsaninta, da rumfar direba, da inda yaran mota ke zama. Ba shi da ma'aunin 1:24, idonsa ne ma'auninsa, amma duk wanda ya ga aikin ya san ko tifa ce ko tanka ko tirela. Ashe giɓin da manyan kamfanoni suka bari, yara ne suka daɗe suna cike shi, ba tare da kowa ya ce musu sannu ba.

Matsalar ita ce kara ba ya shekara, gara ce magajiyarsa. Motar da aka ƙera da rani ba ta ganin damina. Daɗin daɗawa, motocin roba masu araha na ƙasar Sin sun cika kasuwar Sabon Gari, wayar hannu kuma ta ɗauke hankalin yara da yawa. A ɗaya gefen, su ma uwayen motocin suna ƙarewa: wadda ta kwanta a gareji, 'yan gwangwan ne ke auna ta a sikeli. Idan uwa ta tafi wurin narkarwa, 'ya kuma gara ta cinye, me zai rage wanda za a nuna wa na baya?

Wani zai ce wannan duk wasan yara ne, jami'a tana da abin da ya fi shi muhimmanci. Amsar ita ce, mota ta shiga harshe da adabin Hausa shiga mai zurfi. Bahaushe ya karɓi Peugeot ya ce Fijo, ya karɓi Mercedes ya ce Marsandi, Bedford ta zama Bilhodi, Hiace ta zama Hayis. Ya ƙirƙiri a-kori-kura da karen mota da ɗan kamasho. Waƙar Karen Mota tana cikin waƙoƙin da suka fito da Ɗanmaraya Jos. Ɗalibin da zai nazarci wannan waƙa nan da shekara 30, bai taɓa ganin motar katako ba, bai san inda karen mota ke maƙalewa ba, yaya zai fahimci abin da makaɗin ke nufi? Kalma takan yi rauni idan abin da take nuni gare shi ya ɓace daga ido. Ban da wannan, yaron da ya gano da kansa yadda zai sa ƙafafun gaba su juya idan ya murɗa sitiyari, ya riga ya ɗauki darasin farko na aikin injiniya, ko da bai san sunansa ba.

Samaru kuwa ta fi ko'ina dacewa da wannan aiki. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da sashen harsuna, da sashen zane da fasalin kayan masana'antu, da tsangayar injiniya, duk a harabar guda. Ga kuma Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya a kan hanyar Basawa. Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ɗalibai ba. Na farko, ɗaliban Hausa su shiga tashoshin Kwangila da Sabon Gari, su zauna da tsofaffin direbobi da makanikai da kafintocin bodi, su rubuta sunayen motoci da na sassansu, da kirarin da akan rubuta a jikinsu. Na biyu, ɗaliban zane su auna 'yan tsirarun 404 da 504 da 911 da suka rage, su zana su ciki da waje. Na uku, ɗaliban injiniya su fitar da samfurinsu, tun da yake yanzu akwai na'urar da ke gina abu da roba kai tsaye daga zanen kwamfuta, ba sai an sassaƙa mazubin ƙarfe ba. Na huɗu, a riƙa shirya gasar motar kara da ta waya kowace kaka tsakanin makarantun firamare na Samaru da Bomo da Palladan, a ɗauki hoton waɗanda suka yi fice, a ajiye su inda gara ba za ta kai ba, a kuma rubuta kalmomin da yaran ke amfani da su wajen aikin.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Direbobin da suka tuƙa 404 tana sabuwa sun manyanta, kafintocin da suka san yadda ake ɗora bodin katako a kan 911 kuma suna raguwa. Ɗalibin da ke neman batun kundin digirinsa a bana, ya sani akwai batu yana jiransa a tasha, kuɗin mota ɗaya kacal daga ƙofar jami'a.