Taurin Hanci Ba Taurin Kai Ba Ne

Akwai wata kalma da Turawa ke yawan jefawa a hira da jaridu, wato hard-nosed. In aka fassara ta kai tsaye, sai a ce mai taurin hanci. Da yawa daga cikinmu in sun ci karo da ita sai su ɗauka taurin kai ake nufi, ko rashin imani. Ni dai a ganina wannan kuskure ne.

Da farko Turawa na faɗin ta ne ga harsashi mai tauri a baki, da kuma karen farauta da ba ya jin ƙanshin nama da wuri. Daga baya a Amurka aka koma jifan mutum da ita: wanda ke duba abin da zai yiwu, ya lissafa riba da asara, ba ya barin tausayi ko kunya su karkatar da shi. Mu a nan sai mu ce ba sani ba sabo.

Mai taurin kai ba ya sauya ra'ayi ko an nuna masa gaskiya. Mai taurin hanci kuwa zai sauya nan take in lissafi ya nuna masa haka, amma kuka ko roƙo ba za su motsa shi ba.

Dubi Margaret Thatcher. Kafin yajin aikin masu haƙar kwal na Birtaniya a 1984 zuwa 1985, gwamnatinta ta riga ta tara kwal mai yawa, don haka ta jure kusan shekara guda har ma'aikata suka koma aiki. Magoya bayanta sun yaba mata da wannan hali, garuruwan da aka rufe ma'adinansu kuwa sun daɗe suna shan wahalar abin. Kalmar yabo ce ko suka, ya danganta da bakin da ta fito.

Abin da ya sa na kawo zancen nan shi ne littattafanmu. Sau da yawa in marubuci ya kawo mace 'yar kasuwa mai ƙin ba da bashi, sai ya mai da ita muguwa. Alhali kunyar mara kunya asara ce. Ya kamata marubutanmu su ba mu jaruma mai kirki wadda kuma ta iya cewa a'a.

Allah Ya sa mu dace.