Bikin ƴan Sikotilan: kasuwa ba ta ɓata shi ba, jabu ne abin tsoro

Yau zancen namu ya yi nisan zango. Za mu leƙa Sikotilan, wadda masu faransanci ke kira Ekos, can arewacin Birtaniya.

A wani ƙauye mai suna Braemar, kowace Asabar ta farkon watan Satumba, mutanen tsaunuka na yin bikinsu na gargajiya. Ƙarfafan maza na jifa da dutse, ana jan igiya, ana tsere, masu algaita mai salka na busa. Wasan da ya fi jan ido shi ne na gungume. Ƙato zai rungumi icce mai tsawon kusan mita 6 a tsaye, ya sheƙa da shi, ya wurga. Ba nisa ake dubawa ba. Sai iccen ya wuntsila, ya faɗi sak gaban mai jifa kamar hannun agogo a ƙarfe 12. Sarauniya Biktoriya ta fara halarta a 1848, kuma har yau gidan sarauta na zuwa.

Akwai masu gunaguni cewa irin wannan biki ya zama kasuwa, an saida al'ada ga baƙi masu ɗaukar hoto. Ni dai ban yarda ba. Wa ya taɓa ganin taro babu mai talla? Ku da kuka san yadda gari ke cika in kokowar Takobi ta zo, tun daga ta farko a Tahoua a 1975, kun san mai tuwo da mai masauki ba su rage wa kokowa komai ba. Su ma can haka ne. Baƙon da ya zo kallo sai ya ci, ya kwana, ya sayi tsaraba, da kuɗinsa ƙauyen ke samun ƙarfin shirya bikin baɗi.

Inda gizo ke saƙar shi ne kayan da ake saidawa. Mazan bikin na ɗaura wani zane na ulu mai gida-gida, mai ninki a baya, iyakarsa gwiwa, sunansa kilt. Kar ku yi dariya, zanen nan ya sha wuya. A 1746, bayan an murƙushe tawayen mutanen tsaunuka, gwamnati ta hana su ɗaura shi, ba a ɗage dokar ba sai 1782. To yau, a shagunan tsaraba na birnin Edimbara, da yawa daga zannuwan da ake miƙa wa baƙi da araha ba a ƙasar aka saƙa su ba, wasu ma ko ulu babu a cikinsu. Hatta algaitar, garin Siyalkot na Pakistan na ƙera ta da yawa. Ban ga laifin maƙerin Pakistan ba, neman halalinsa yake. Laifin na mai shagon da ya bar baƙo ya tafi da zaton ya sayi aikin masaƙin gida.

An buɗe rajistar zane-zanen yadin a 2009, amma rajista ba ta hana kowa saƙa shi a ko'ina ba.

Abin mamaki, maganin na nan cikin ƙasar, a wani yadin daban mai suna Harris Tweed. Dokar majalisa ta 1993 ta ce ba a kiran yadi da wannan suna sai in tsantsar ulu ne da aka rina aka kaɗa a tsibiran yammacin ƙasar, kuma mutanen tsibiran suka saƙa shi da hannu cikin gidajensu. Sai an duba shi kafin a buga masa hatimi. Mai saye ya san abin da ya biya, kuɗi kuma na komawa ɗakin masaƙi.

Ba cewa nake a kori mai araha daga filin biki ba, don ba kowane baƙo ke da kuɗin na ainihi ba. A bar shi ya kasa kayansa. Amma masu shirya biki, tunda su ke raba rumfuna su karɓi kuɗin wuri, su tilasta a rubuta a jikin kowane zane inda aka saƙa shi da abin da aka saƙa shi da shi, rumfar masaƙan gida kuwa a sa ta bakin ƙofa.