Mulhidai A Intanet: Ina Hukuma, Ina Malamai?

Musun samuwar Allah ba yau aka fara jin sa a Nijeriya ba. Marigayi Tai Solarin, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne cikin 1956, ya shafe shekaru yana bayyana rashin addininsa a jaridun Ikko da na Badun, har ya rasu cikin 1994. To, amma da Turanci yake rubutu, sai mai ilmin boko da kuɗin jarida ke jin sa. Yanzu kuwa wayar hannu ta rushe wannan katanga. Yaro yana zaune a zauren ubansa a Kano ko Zariya bayan sallar lisha, yana karanta maganganun masu cewa addini ƙiren ɗan Adam ne, wani sa'in ma da Hausa. Waɗannan mutane ba su da masallaci, ba su da majami'a, Facebook da ire-irensa su ne dandalinsu, can suke samun juna, can kuma suke neman mabiya.

Wanda sunansa ya fi fita a cikinsu a Arewa shi ne Mubarak Bala, ɗan Kano, wanda ya shugabanci ƙungiyar marasa addini ta Nijeriya. Ran 28 ga Afrilu, 2020, 'yan sanda suka kama shi a Kaduna suka kai shi Kano, bayan wasu lauyoyi sun kai ƙara a kan abin da ya rubuta a Facebook game da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Cikin Afrilu, 2022, ya amsa laifi a Babbar Kotun Jihar Kano, aka yanke masa ɗaurin shekara 24. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage shi zuwa shekara 5 cikin 2024, aka sake shi a wannan shekarar, daga baya ya tafi Jamus.

Wannan jarida ba ta goyon bayan mulhidanci ko kaɗan, ba ta kuma yarda a kira zagi da sunan 'yancin tunani ba. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa ikon riƙon addininsa da ikon sauya shi, amma Sashe na 45 ya bar wa hukuma damar yin doka domin kiyaye zaman lafiya. Wanda ya san halin ƙasar nan, ya kuma zaɓi kalmomin da ya tabbata za su tunzura miliyoyin jama'a, wasa yake da wuta a gindin rumbu.

Duk da haka, lalle ne a faɗa wa hukuma gaskiya, gama yadda ta tafiyar da al'amarin abin kunya ne. Tsarin Mulkin da ya ba ta ikon kama mutum shi ne ya ce ta kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya ko biyu. Mutumin nan ya yi fiye da shekara guda a tsare ba a tuhume shi ba, aka kuma daɗe ana hana shi ganin lauyoyinsa da iyalinsa. Cikin Disamba, 2020, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umurnin a sake shi, aka yi kunnen uwar shegu da umurnin. Me aka ci? Mutumin da a da 'yan tsiraru ne ke karanta shi, sai ga sunansa a bakin ƙungiyoyin Turai da Amurka da jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya. Tallar da bai iya saya wa kansa ba, hukuma ta yi masa ita kyauta.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ɗaukar doka a hannu. Cikin Mayu, 2022, taron ɗalibai ya kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato saboda saƙon murya a WhatsApp. Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi Allah wadai da kisan. Ko shakka babu, irin wannan ɗanyen aiki shi ne babban jarin masu yaɗa mulhidanci, da shi suke nuna wa matasa suna cewa ga abin da addini ke haifarwa.

Saura malamai. Lokacin da masana falsafa suka ruɗa zukatan mutane, Imam Gazzali zama ya yi ya karanta littattafansu sarai, kana ya rubuta Tahafutul Falasifa ya ba su amsa hujja bayan hujja. Yau da yawa daga malaman ƙasar nan suna da dubban mabiya a intanet, amma rabin lokacinsu a kan sukar juna yake ƙarewa, Izala da Ɗarika, ƙabalu da sadalu. Yaron da ya zo da tambaya mai nauyi a kan ƙaddara ko asalin halitta, sau da yawa tsawa ake daka masa a ce ya yi istigfari. Sai ya koma wayarsa, inda wani ke jiran sa da fara'a da amsa a shirye.

Ya kamata Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci da sassan nazarin addini na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo su ware malamai matasa masu ilmin tauhidi da na zamani, su riƙa amsa irin waɗannan tambayoyi da Hausa a inda ake yin su. Gwamnatin Tarayya kuma ta umurci Sufeto Janar na 'yan sanda cewa duk wanda aka kama a kan rubutun intanet, a kai shi kotu cikin kwanakin da Sashe na 35 ya yanka.